Guduma da Laima

Lahadi, 20 ga Oktoba, 6:40 na safe

Sun ci mu, 27 da 24. A filinmu, a gaban mutanenmu. Saura daƙiƙa arba'in da ɗaya a tashi, muna gaba da maki huɗu, ƙwallo na can nesa, yadi sittin da biyu daga layinmu, sai mai jifan 'yan kwalejin Ellery, yaron da ko gemu bai fara ba, ya ɗaga hannu ya wurga, mutuminsu ya cafe ya tsallake layin. Shi ke nan.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Vernetta ce ta ajiye mini littafin nan kusa da abin karyawa, wai likita ya ce in riƙa juye abin da ke cikina a takarda maimakon a kan mutane, saboda hawan jini. Shekara talatin da huɗu da aure, yau ta ga dama ta mayar da ni ɗan makaranta.

To ga abin da ke cikina. Shekara ashirin da shida ina riƙe da tsaron ƙungiyar ƙwallon Amurka ta kwalejin nan da mutum huɗu a sahun gaba. Huɗu su danna kan mai jifa, bakwai su rufe baya. Da haka na ɗauko kofi biyu. Sai ga Dalton Krebs a watan Janairu, wai babban koci, shekara talatin da takwas, haƙora farare tas, ɗan hari tun asali, bai taɓa koyar da tsaro ko na yini guda ba. Mako uku da suka wuce ya ce a koma mutum uku a gaba, wai haka manyan makarantu suke yi yanzu. Ana tsakiyar kakar wasa! Katin tsarin wasa biyu nake riƙewa a bakin layi, tsoho da sabo, ina juya su kamar mai gasa nama, shi kuma yana yi mini ihu a na'urar kunne.

Kendrell Mabry ne ya bar wurinsa. Mai tsaron ƙarshe a ɓangaren hagu, kyaftin, shekararsa ta ƙarshe. Abu na farko da ake koya wa mai tsaron ƙarshe shi ne kada kowa ya wuce ta bayanka. An wuce ta bayansa. Wannan kowa ya gani.

Lahadi, 5:15 na yamma

Mun kalli fim ɗin wasan.

Ni na kafa dokar tun shekarar da na zo. Idan an kai wurin da aka ci mu sai in tsayar da fim, in kunna fitila, kuma ba mai fita sai mai laifin ya miƙe da kansa ya ce "Laifina ne." Ba a nuna kowa da yatsa a ɗakina. Washegari da shida na safe ya hau matakalar 'yan kallo sau goma, ina ƙasa da usur. Yana saukowa magana ta mutu.

Hoton kusa na sa musu, wanda yake bin ƙwallo. Na sama, mai nuna duka fili, bai fita sosai ba a wannan makon, ga lokaci ya ƙure.

Na tsayar, na kunna fitila. Mutum arba'in, ɗaki ya yi tsit, ba abin da ake ji sai na'urar sanyi. Sai Kendrell ya miƙe. Bai kalli allo ba, ni ya kalla.

"Laifina ne, Koci."

Na ce, "Gobe da shida."

"To, yallaɓai."

Hosea Gaddis, mai koyar da 'yan sahun gaba, abokina tun muna 'yan wasa, ya tashi ya fice tun ban sallami kowa ba. Shekara sittin da uku a duniya, har yau bai koyi neman izini ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, 7:30 na safe

Matakala tamanin da huɗu, sau goma. Bai tsallake ko ɗaya ba, na sa ido, don wanda ya tsallake daga ƙasa yake sake farawa. Da ya gama ya yi amai a bayan benci, ya goge bakinsa da riga, ya ce, "Da sauran wani abu, Koci?" Na ce babu. Ya ce, "To, yallaɓai."

Wannan "to, yallaɓai" tana ƙona mini rai. Shekara huɗu yaron nan yana musu da ni a kan komai, inda zai tsaya, ƙafar da zai fara ɗagawa, har a kan launin safa. Yau kwatsam ya zama salihi.

Litinin, 2:00 na rana

Krebs ya kira ni ofishinsa. Bai ko ajiye wayarsa ba.

"Koci Tibbs, tambaya ɗaya. Kiran tsarin tsaron da ka yi a harin ƙarshen nan, daidai ne?"

Na ce mai tsaron ƙarshe ba ya barin kowa ya wuce ta bayansa, ko wane kira aka yi.

"Madalla. Don shugaban wasanni ya kira ni jiya, shi ma manyan gari sun kira shi. Dole a ga canji. In daga cikin fili matsalar take, a canja yaro. In kuwa daga bakin layi take, to ni da kai za mu yi wata magana daban. Ka gane ai."

Na gane mana. Kwangilata a Disamba za ta ƙare, kuma ba makarantar da ke neman ɗan shekara sittin da ɗaya mai gwiwa ɗaya da rabi.

Ya ce Kendrell ya koma benci, Brody Sills ya hau, ɗan aji ɗaya da bai san hagu da dama ba. Na ce masa ranar 9 ga Nuwamba ce wasanmu na ƙarshe a gida, kuma ita ce rana ɗaya tak a shekara da masu neman 'yan wasa na ƙwararru suke leƙo ƙaramar makaranta irin tamu. In yaron yana benci ranar, ƙwallo ta ƙare masa har abada.

Ya ce, "Kai ka ce ya bar wurinsa."

Ban ce haka ba. Doka na faɗa masa.

Talata, 22 ga Oktoba, 8:10 na safe

A rediyo wani wai shi Buck, mai facin taya a bakin titi, ya ce ko kajinsa ba zai ba Mabry tsaro ba. Mai gabatarwa yana ta ƙyaƙyata dariya. Buck! Mutumin da gudunsa na ƙarshe daga kujera zuwa firji ne. Yaron nan ya tare mutum tamanin da tara bara da karyayyen yatsa. Na murɗe rediyon motar har maɓallin ya biyo hannuna.

Laraba, 23 ga Oktoba, 6:30 na yamma

Awa ɗaya ina ƙoƙarin cusa wa Brody abin da ɗan sakandare ya sani.

Kira kalma biyu ne. Ta farko ta 'yan gaba ce, ni nake faɗa wa Hosea, shi ya ba su da hannu. Ta biyu ta 'yan baya ce, ni nake ba su da hannuna. 'Yan gaba ba sa kallona, 'yan baya ba sa kallon Hosea. Kyaftin kaɗai yake kallon mu duka biyu. Katanga da Laima suke tafiya: huɗu su danna, bakwai su raba baya yanki-yanki, biyu daga ciki su tsaya can ƙarshe. Guduma da Inuwa suke tafiya: shida su danna, biyar ɗin da suka rage kowa ya manne wa mutuminsa. Huɗu da bakwai. Shida da biyar. Sha ɗaya ne a fili, ba a ƙara maka ko rabin mutum. Abin da nake faɗa wa kowane sabon yaro ran da ya zo ke nan: ka ƙirga. Wanda bai iya ƙirga sha ɗaya ba ya tafi wajen 'yan badujala a ba shi ganga.

Brody ya ce, "Koci, to in aka haɗa Guduma da Laima fa?"

Na kore shi ya zagaya fili sau uku. Tambayar banza.

Alhamis, 24 ga Oktoba, 1:45 na rana

Hosea ya ja ni cin soyayyen tarwaɗa a rumfar bakin kogi, inda muke zuwa tun ba mu da furfura. Na san da magana, don bai taɓa gayyata ta ba sai da dalili.

Sai da ya ci rabi sannan ya ce, "Ray, kusa da kai fa nake tsaye ranar."

"Ci kifinka."

"Na ba yarana abin da ka ce in ba su. Sannan na waiwayo na ga hannunka."

"Hosea, wallahi ka fita idona."

"Idonka? Wanne, wanda ya ce hoton sama bai fita ba? Ni na kalle shi, tsoho, har gashin hancin alƙali ana gani."

Na ce in yana da abin faɗa ya je ya faɗa wa Krebs, ƙofa a buɗe take, ƙila ma a ba shi kujerata, ai ya daɗe yana haɗiyar yawu. Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce tun kafin in rufe baki.

Ya goge hannunsa a hankali. "Ba zan faɗa wa kowa ba. Ba ni na kafa dokar miƙewa ba."

Ya tafi ya bar rabin kifi a faranti. Shekara arba'in ban taɓa ganin Hosea ya bar abinci ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, 6:00 na safe

Krebs ne ya jawo duk wannan. Shi da katinsa.

Asabar, 26 ga Oktoba, 7:00 na yamma, a cikin bas

Mun ci, 31 da 10. Ƙungiyar da muka ci ko 'yan majami'armu za su ci ta, mai jifansu sau goma sha ɗaya kawai ya wurga. Amma Krebs ya bi layin kujeru yana tafa wa Brody, ya zo kaina ya dafa mini kafaɗa, wai "Ka gani ko, Koci? Canji kawai ake buƙata." Saura ƙiris in cire masa hannun daga kafaɗarsa.

Kendrell ya tsaya a bakin layi tun daga farko har ƙarshe, kwalkwalinsa a hannu, yana yi wa Brody ihu inda zai tsaya. Sau biyu ihunsa ne ya cece mu. Yanzu yana kujera ta uku a bayana, ya rufe ido. Ba barci yake yi ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, 1:20 na rana

Mis Odessa, mahaifiyar Kendrell, ta tare ni a ƙofar majami'a. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai ta kama hannuna da hannu biyu, ta tambayi gwiwata, ta tambayi Vernetta.

"Koci Tibbs, ya ce mini laifinsa ne. Na ce to, tunda ka faɗa. Amma ni na haife shi. Tun yana ɗan shekara shida shi ke bin ƙofofin gida yana duba ko an kulle, har ya ishe ni. Shi ne nake ta mamaki."

Na ce kowa yana kuskure, Mis Odessa.

"Haka ne kuwa. Kowa." Ta ƙara matse hannuna. "Ran da na kawo maka shi ka ce mini za ka riƙe shi kamar ɗanka. Ina tunawa da kai a addu'a kullum."

A mota Vernetta ta ce, "Me ta ce maka ka yi fari haka?" Na ce zafin rana ne. Ta kalli sama, gari ya haɗa hadari, ta kalle ni, ta yi shiru. Na tsani shirun matar nan. Kowa ya koyi yi mini shiru a garin nan, kamar haɗa baki suka yi.

Talata, 29 ga Oktoba, 11:00 na safe

Wani Mista Yancey ya bugo, ɗaya daga cikin masu zuwa ranar 9. Ya ce tun bara yake bin Mabry, yana son yadda yake karanta wasa, sai ya ji an ajiye shi. Ya ga abin da ya faru a hoton talabijin, kuma gaskiya bai yi kyau ba.

"Amma talabijin ƙwallo take bi, Koci, ka fi ni sani. Turo mini hoton sama in ga me ya gani da ya sa ya sauko. In ruɗewa ya yi haka kawai, ka faɗa mini, kada in ɓata man mota."

Na ce zan duba.

Laraba, 30 ga Oktoba, 6:00 na yamma

Ban duba ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba, 6:20 na yamma

Yanzu rigar rawaya yake sawa a horo, ta 'yan kwaikwayon abokan gaba, tare da yaran da ba su taɓa shiga wasa ba. Kyaftin ɗina. Ya ja Brody gefe yana nuna masa yadda ake karanta kafaɗar mai jifa, da haƙuri, kamar ba shi aka ƙwace wa wuri ba. Na daka musu tsawa su koma aiki. Ya ce, "To, yallaɓai."

In ya ƙara ce mini "to, yallaɓai" sau ɗaya zan iya jifansa da allo. Me yake so? Ni na ce ya miƙe? Wa ya aike shi? Da ya zauna a kujerarsa da an ga abin da zai faru.

Asabar, 2 ga Nuwamba, 6:45 na yamma

Sun ci mu, 38 da 17. An wuce ta bayan Brody sau uku. Yaron ya yi kuka a ɗakin canja kaya, Kendrell ne ya zauna kusa da shi. Na je wurin Krebs na ce a mayar da Kendrell. Ya ce a'a, in ya mayar da shi yanzu ya nuna wa gari bai san abin da yake yi ba, kuma ba ya ba da wuri ga wanda ya zubar da wasa da gangancinsa sai an kawo masa dalili. "Kana da dalili, Koci Tibbs?"

Na ce gwiwata na ciwo, na fita.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 7:00 na safe, a ofis

Na kalli hoton sama. Sau tara. Ya fita tangaran.

Tunda likita ya ce a juye, bari in juye. Krebs yana ihu a kunnena, "Danna shi! Danna shi!" Na ce wa Hosea, "Guduma." Shida suka shirya. Sannan na dubi agogo, daƙiƙa arba'in da ɗaya, maki huɗu, sai tsoro ya kama ni, hannuna ya tashi ya ba 'yan baya Laima, abin da yake bayarwa a irin wannan lokaci shekara ashirin da shida. Bakina ya bi Krebs, hannuna ya bi ni.

Shida sun danna, na kuma ba mutum biyar aikin mutum bakwai. Sha uku. Tsakiyar fili ta zama wayam, mota ma za ta wuce. Kendrell kaɗai ya ga alamun biyu. A fim ana ganinsa yana ɗaga hannu yana kallon bakin layi, yana nema in gyara, ni kuwa kaina na kan kati. Aka fara wasa, mutum ya fito a tsakiya shi kaɗai, Kendrell ya sauko ya toshe, ɗayan ya wuce ta inda ya baro. Da bai sauko ba da ta tsakiya za a ci mu. Rami biyu na ba shi, shi kuwa mutum ɗaya ne.

To na rubuta. Hawan jinin bai sauka ba.

Lahadi, 5:30 na yamma

Mun kalli fim ɗin jiya. Brody ya miƙe. Na kunna fitila, na kashe, na sallame su. Ban miƙe ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 7:40 na yamma

Na faɗa wa Vernetta a kan tebur. Na ce ta tuna gidan nan, ta tuna maganinta, ta tuna shekaruna. Na ce saboda ita nake shiru.

Ta ajiye cokali. "Kada ka kuskura, Rayford. Kada ka ɗora mini. Ka ɗora wa yaron mutane ɗaya, bai ishe ka ba?"

Na ce mata abubuwan da ba zan rubuta ba. Ta kwashe farantina tun ban gama ba, ta juye wa kare.

Laraba, 6 ga Nuwamba, 12:30 na rana

Kendrell ya ƙwanƙwasa ƙofa, da takarda a hannu. Wai kamfanin katako na ɗaukar masu kula da ma'aikata a Janairu, suna son wasiƙar shaida daga wanda ya san halinsa. Ko zan rubuta masa.

Sai zuciya ta ciyo ni. Na buga tebur har kofi ya zube.

"Don me ka miƙe? Uban wa ya ce ka miƙe?"

Bai ce "to, yallaɓai" ba. Karon farko cikin kwana goma sha bakwai.

"Na jira ka, Koci. Na ƙirga har goma a zuciyata. Ina cewa yanzu zai miƙe, yanzu zai miƙe. Yara arba'in suna zaune, rabinsu sababbi, kai ka koya mana ba a fita sai wani ya ɗauka. In ba wanda ya miƙe dokar ta mutu. In na nuna ka ma ta mutu, ba a nuna yatsa a ɗakinka. To me kake so in yi?"

Na ce da ka zo ka same ni mu biyu.

"In faɗa maka me? Abin da ka sani?" Ya ajiye takardar a kan kofin da ya zube. "Ni na ɗauka ajiya ka ba ni, Koci. Na ce kwana biyu zai zo ya karɓi kayansa. Juma'a suke son wasiƙar."

Alhamis, 7 ga Nuwamba, 5:50 na yamma

Na tura wa Yancey hoton sama da safe, da layi ɗaya: ka ƙirga masu dannawa, ka dubi hannun tsohon da ke bakin layi.

Da yamma na tara su, na ce Hosea ya kira Krebs. Ya zo da wayarsa, ya jingina da ƙofa. Na sa fim ɗin Ellery, na sama. Na tsayar tun kafin a fara wasan.

"Brody, nawa ne za su danna?"

"Shida, Koci."

"Baya wane rufi suka tsaya?"

Ya ƙura ido. "Laima."

"Laima mutum nawa take ci?"

"Bakwai." Sai ya buɗe baki ya kasa rufewa. Wannan yaron da na kora ya zagaya fili.

Na kunna fitila. Dama a tsaye nake, to sai na zauna tukuna, sannan na miƙe, don a yi abin yadda ake yi. Gwiwar ta yi ƙara kowa ya ji.

"Laifina ne."

Sai Hosea, daga can baya, ɗan banzan tsoho: "Gobe da shida."

Krebs ya jira har yara suka fita. Bai yi ihu ba. Ya ce ba kuskuren ne ya dame shi ba, kusan mako uku da na bar shi yana kare ƙarya a gaban gari ne. Ka ji fa, shi ne ma aka cuta. Amma a wannan ɗin ba ni da bakin musu. Mabry zai fara wasa ranar Asabar. Hosea ne zai yi kira. Ni in miƙa na'urar kunne, in kuma fara neman kwalayen kwashe kayana kafin Disamba.

Na ce masa har gobe mutum uku a gaba shirme ne. Ya ce in rufe masa ƙofa in na fita, alhali ɗakina ne.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, 8:15 na safe

Na ɗauka ni kaɗai zan je. Ina isa na tarar da Kendrell a ƙasan matakala da usur ɗina a wuya, Hosea ya ba shi. Bai gaishe ni ba. Ya hura.

Na farko na hau da fushi. Na biyu na hau da addu'a. A na uku, wajen matakala ta sittin, gwiwar ta ƙi, na ɗan haɗa biyu a taku ɗaya, na ce daga can ƙasa ina zai gani.

Usur.

"Ka tsallake ɗaya, Koci! Sauko, daga ƙasa!"

Na zage shi, na zagi Hosea, na zagi wanda ya gina filin, na sauko na sake. Huɗu na iya. A ƙarshen na huɗu na zube a benci, ƙirjina kamar zai tsage. Ya miƙo mini ruwa, ya tsaya a kaina har numfashina ya dawo.

Na ce, "To, magana ta mutu?"

"Huɗu ka yi. Goma ne." Ya cire usur ɗin ya sa a aljihunsa. "Litinin da shida."

Asabar, 9 ga Nuwamba, 12:40 na rana

Ba ni da wuri a bakin layi, don haka Vernetta ta riƙe mini hannu muka hau har can sama, layin ƙarshe, ina tsayawa kowace matakala goma. Ba ta yi mini magana ba tukuna, amma ta zo da ƙanƙara a jaka saboda gwiwar. Yancey yana layi uku a ƙasanmu da littafinsa a buɗe. Mis Odessa ta hango ni, ta ɗaga mini hannu ɗaya, ba biyu ba.

Wasiƙar kamfanin katako tana aljihuna. Na rubuta ta, ban ba shi ba. In yana so ya zo ya ƙwata bayan wasa.

Ga su can sun fito. Hosea ya ba da alama, hannunsa kamar mai korar ƙuda, shekara arba'in bai gyara ba. Kendrell ya kalle shi, ya juya yana nuna yara ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ƙirgawa yake yi. Daga nan ni ma ina ganinsu duka.

Sha ɗaya.